Ƙugiyar da Ban Sa Ba

Duk wanda ya yi zaman Haɗeja a shekarun da suka biyo bayan tafiyar Turawa, in dai ya taɓa mallakar lauje ko fartanya, ya san Ishaku Maƙeri. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta. Mutumin ƙasar Kagoro ne. Ma'aikatar gona ce ta kawo shi a 1961 don gyaran garmar shanu, da aikin ya ƙare sai ya ƙi komawa gida, ya kafa rumfa a bayan kasuwa, ya je ya ɗauko matarsa Rifkatu, suka zama 'yan gari. Ni kuwa sunana Filibus, malamin firamare daga Pankshin, kuma a lokacin ni ne magatakardan ƙaramar ikilisiyarmu. Na faɗi muƙamina tun yanzu ne saboda da shi na yi wa bawan Allahn nan aika-aika.

Ikilisiyar tamu ba ta kai gida goma sha biyar ba. Malamai ne da akawuna da ma'aikatan asibiti, 'yan kudancin Zariya da 'yan Filato, kowa da biro a aljihun gaba. Fasto sai wata-wata yake zuwa daga Kano, sauran Lahadi mu muke karɓa-karɓa. A cikinmu Ishaku kaɗai ne bai wuce aji biyu ba. Yana karatu, amma da yatsa, harafi bayan harafi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Shi ya ƙera ƙafafun bencinan majami'a, shi ya rataye mana tsohon ƙarfen tayar babbar mota a jikin bishiya ya zama ƙararrawa, shi ke fara zuwa kowace Lahadi. Amma kullum a benci na ƙarshe yake zama, dab da ƙofa.

Zaman bakin ƙofar nan yana da dalili. Ranar Kirsimeti ta 1963 wanda ke jagorar sujada ya ce ɗan'uwa Ishaku ya rufe mana da addu'a. Ya miƙe, ya runtse ido, ya ce, "Ya Uba." Muka jira. Ya sake cewa, "Ya Uba." Muka ƙara jira, har aka fara jin motsin benci. Ya faɗa na uku, sai ya zauna. Wani ya yi dariya, kuma ina jin kunyar faɗa, ni ma sai da na cije leɓe. Tun daga ranar aka laƙaba masa Ya Uba a bayan idonsa, kuma ya sani. Kusan shekara bakwai ba wanda ya ƙara jin muryarsa a majami'a sai a cikin waƙa.

Abin haushin, mutumin nan ba bebe ba ne. Je ka same shi a rumfarsa da guduma a hannu, ka ji surutu. Manoma da masunta sukan cika rumfar, wasu ba abin gyara suka kawo ba, hira suka zo ji. Da ƙarfe ya yi ja sai bakinsa ya buɗe: labarin haƙuri, labarin gafara, yadda mutum yake kamar lauje, in ba a wasa shi ba ya dakushe ko da bai yi aikin komai ba. Babban amininsa Mala ne, wani Musulmi mai kwale-kwale da ke sayen ƙugiyoyin kamun kifi a wurinsa. Mala yakan ce, "Ishaku, da a cikinmu kake da tuni mun ɗaura maka rawani." Shi kuma ya ce, "Rufa mini asiri, Mala, kaina bai iya ɗaukar komai ba sai buhun gawayi." Ni kaina na sha tsayawa a bakin rumfar bayan an tashi makaranta, in ji abin da ya fi wa'azina na Lahadi, in koma gida ina jin haushi.

A kakar 1970 wata mata ta zo mana. Sunanta Maryamu. Daga wani zango ta fito a fadamar Auyo, wanda ake kira Zangon Lebura, inda gida bakwai na mutanenmu suka zauna bayan sun zo aikin gonar shinkafa. In ruwa ya cika fadama, zangon yakan zama tsibiri na wata uku ko huɗu. A tsakiyar ruwan nan mijinta Irmiya ya rasu. Maƙwabtansu Musulmi ne suka taimaka aka haƙa kabari, aka yi masa sutura, Allah ya saka musu. Amma a cikin gida bakwai ɗin ba a sami wanda zai yi addu'a a kansa ba, kowa na cewa shi bai isa ba. Ta tsaya a gaban dattawa bayan sujada, ba ta yi kuka ba, ta ce, "Ba abinci na zo roƙo ba. Mutum nake so a ba mu. In ba haka ba, nan da shekara biyu 'ya'yanmu ba za su san bambancin Lahadi da Talata ba."

Muka zauna shawara. Nan fa kowa ya tuna shi ma'aikacin gwamnati ne: wannan yana da aikin Asabar, wancan matarsa ba ta da lafiya, ni kuma na ce ai ni ke riƙe da sujadar gari. Sai na ji bakina ya ambaci Ishaku. Aka dube ni kamar na zautu. Na ba su labarin rumfa, aka yi ta muhawara, a ƙarshe wani dattijo ya ce da babu gara ba daɗi. To, wa zai faɗa masa? Babu mai ƙarfin halin tunkararsa ido da ido, don mun san amsar. Mu kuwa mutanen ofis ne, ko gaisuwa in da hali sai mun buga mata hatimi. Aka ce magatakarda ya rubuta wasiƙa.

Tafiretar makarantarmu irin ta Turawa ce, ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Al'adarmu ita ce in ka gama bugawa, ka zare takarda, ka bi ta da biro kana sa wa kowane harafi ƙugiyarsa. Ranar nan ban bi ba. An buga ƙararrawar shiga aji, na ninke takardar na ba da aka kai masa. Ga abin da ta ce, yadda ta fito:

"Zuwa ga dan'uwa Ishaku. Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Akwai aikin kira a Zangon Lebura wajen Auyo, kuma dattawa sun ga kai ne ka dace. Ka tashi ranar Asabar da shirinka. Mala zai haye da kai."

Ishaku ya sa yatsa ya fara bi. Ya ga "dan'uwa" ba ƙugiya, ya sa masa a ransa, ya ce Malam ya manta. Ya iso kan "kira", ya sa masa shi ma. Mene ne laifinsa? Maƙeri aka rubuta wa, aka ce akwai aiki, aka ce shi ya dace. Duk duniya babu abin da ya tabbata ya dace da shi sai ƙira. Ya yi murna ƙwarai, ya ce wa Rifkatu yau dai dattawa sun san amfaninsa. Ita kuwa ta san komai, don a ɗakinta Maryamu ta kwana, kuma ita kaɗai ta faɗa wa abin da ya kawo ta. Ta dubi takardar, ta dubi mijinta, ta ce, "To, Baban Dibora, sai ka ƙara gawayi, kada ya yanke maka." Da hannunta ta ɗaure masa bakin buhun. Mutumin da ya ƙera ƙugiya ta fi dubu, rashin guda ɗaya ya kama shi.

Abin da ya faru a zangon, daga bakin Maryamu da bakinsa na ji shi daga baya. Ranar Asabar da hantsi Mala ya sauke shi, ya ce sai gobe da la'asar zai dawo ɗaukarsa. Mutanen zango suka fito gaba ɗaya tarbarsa, mata na waƙa, an yanka kaza, an shimfiɗa tabarma sabuwa. Sai suka ga baƙon nasu yana sauke zugazugi da uwar maƙera da awartaki da buhun gawayi. Suka dubi juna. Kunya ta hana su tambaya, suka ɗauka ko haka sababbin masu bishara suke yi. Shi ma ya yi mamakin wannan karamci, musamman da ya ji ana ce masa Malam, amma ya ce a ransa mutanen fadama ke nan, sun san darajar mai sana'a.

Ya haƙa ɗan rami a gindin tsamiya, ya hura wuta, ya ce a kawo abin gyara. Da yake yankan shinkafa ya kusa, kowa na da lauje dakusasshe. Ɗaya daga cikin mazan ya kama zuga, sauran suka kewaye shi, maza da mata. Ƙarfe ya yi ja, bakin Ishaku ya buɗe. Ya tambayi kowa garinsu. Da aka miƙo masa laujen marigayi Irmiya, aka ce masa kawai mai shi ya rasu, ya juya shi a hannu ya ce mai wannan ba rago ba ne, dubi yadda ƙotar ta cinye daidai wurin yatsu. Ya ce Allah ba ya mance hannun da ya yi aiki, ko da mutane ba su sami bakin yi masa ban kwana ba. Bai san cewa matar mai laujen ce zaune a gabansa ba. Haka suka zauna har rana ta yi sanyi, babu wanda ya tashi ko shan ruwa.

Yana kashe wuta Maryamu ta matso ta durƙusa ta ce, "Malam, gobe da wane lokaci za mu taru?"

Ya ce, "Gobe ai Lahadi ce, Mama. Ba na taɓa guduma."

Ta ce, "Sujada nake nufi. Da safe za ka yi mana, ko sai rana ta ɗaga?"

Ya ce, "Wa zai yi?"

Ta ce, "Kai mana. Ba kai dattawa suka aiko mana ba?"

Ya zaro takardar daga aljihu, ya sa yatsa, ya bi ta tun daga farko. Da ya iso wurin sai yatsan ya tsaya. Ya gaya mini abu na farko da ya yi shi ne duban fadama, ko akwai inda mutum zai iya ratsawa da ƙafa. Babu. Ruwa ne ta ko'ina, ga Mala sai gobe da la'asar. Kazar da aka yanka masa ko cinya bai iya ci ba.

Da safe aka taru a gindin tsamiyar, mutum ashirin da wani abu har da yara. An kawo masa kujera da ɗan tebur. Suka yi waƙa biyu, suka zuba masa ido. Ya miƙe. Da ƙyar ya ce, "Jama'a, ku gafarce ni. Kuskure aka yi. Ni ba Malam ba ne, maƙeri ne. Aji biyu na yi. Ko addu'a ban iya ba, ku tambayi mutanen Haɗeja, har suna suka sa mini. Zan koma in ce a aiko muku wanda ya iya."

Maryamu ta ce, "Wanda ya iya ɗin, yaushe zai zo?"

Ya sunkuyar da kai, don ya san mu.

Ta ce, "Ka ce ba ka iya ba. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Jiya tun hantsi muke zaune a gabanka har tuwona ya ƙone. Me muke saurare?"

Ya ce, "Mama, jiya ai hira ce."

Ta ce, "To, yi mana hira."

Sai ya ture kujerar gefe, ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa yadda yake yi a bakin wuta. Ya buɗe Maganar Allah ya karanta layi uku da yatsa, a hankali, babu wanda ya gaggauta shi, don yawancinsu ko hakan ba su iya ba. Ya rufe, ya fara magana yana kallon hannuwansa. Da farko da tuntuɓe, daga baya ta miƙe. Bai fi minti goma ba, in ji Maryamu, amma ta ce ba ta taɓa jin an yi mata maganar Ubangiji da irin Hausar da take sayen gishiri da ita ba sai ranar.

Da aka gama ta ce saura abu ɗaya. Ta kai su bayan zango, kan wani ɗan tudu da ruwa bai kai ba, inda kabarin mijinta yake. A nan ne Ishaku ya gane laujen wa ya riƙe jiya. Ya runtse ido ya ce, "Ya Uba." Sauran addu'ar ta ƙi zuwa, kamar dai wancan karon. Ya jira ya ji dariya. Babu abin da ya ji sai kukan tsuntsayen fadama da numfashin mutane masu jira. Sai ya ce, "Ya Uba, ga Irmiya. Ka fi mu saninsa. Mun makara, ruwa ne ya tare mu, da kuma tsoro. Ga matarsa, ga 'ya'yansa, ka riƙe su. Cikin sunan Yesu." Suka ce amin. A nan Maryamu ta yi kukan da ta riƙe wata biyu.

Kada ku ɗauka ya dawo yana murna. Ranar Litinin da sassafe ya same ni a bakin makaranta, ko gaisuwa babu, ya buga mini takardar a ƙirji.

Ya ce, "Malam Filibus, karanta mini wannan kalmar."

Na ce, "Kira."

Ya ce, "Wannan fa, ta sama?"

Na ce, "Ɗan'uwa."

Ya ce, "Ina ƙugiyarta?"

Na ce mantuwa ce, kuma gaskiya na faɗa, ko da yake har yau in na tuna ba na jin nadama yadda ya kamata.

Ya ce, "Kun mai da ni abin wasa. Ku masu ilimi kun zauna a inuwa, kun tura jahili ya je ya kunyata sunan Ubangiji a gaban marayu. Na je bisa kuskure, Allah ya rufa asiri, shi ke nan. Ba zan koma ba. Ku nemi wani."

Na ce, "Ɗan'uwa, ai an ce ka yi ƙoƙari."

Ya ce, "Makaho ma yakan tsinci sule. Ba ya mai da shi sana'a."

Ya juya ya tafi. Maganarsa ta yi mini zafi domin rabinta gaskiya ce, mu ne muka zauna a inuwa. Satin nan kaf ban iya bi ta bayan kasuwa ba. Mala ya ce mini rumfar ta yi tsit, guduma kawai ake ji, mai ita ko uffan. Na je wurin Rifkatu in roƙe ta ta sa baki. Ta ce, "Malam, ni na ɗaure buhu sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Wancan karon mu muka tura shi. In zai je yanzu, sai dai Mai kiran ya kira shi da kansa." Ta ce ba ya cin abinci sosai, kuma sau biyu ta same shi da rana tsaka yana bin layi uku da yatsa, yana maimaitawa, da ya gan ta sai ya rufe.

Dattawa muka sake zama ranar Alhamis, kowa ya sake tuna uzurinsa. Aka ce magatakarda ya rubuta wa Maryamu cewa a yi haƙuri tukuna, ana duba lamarin. Na buga, na bi kowane harafi da biro, ban tsallake ko ɗaya ba. Ban taɓa rubuta wasiƙa mai tsabta da ta ba ni kunya irin wannan ba.

Ranar Asabar da safe na hau keke na nufi mashigin da Mala ke ɗaure kwale-kwalensa, don in ba shi ya kai. Tun daga nesa na ga akwai mutum zaune a ciki, ya ba ni baya, sanye da farar rigar da yake zuwa sujada da ita. Ba buhu, ba zugazugi. Ɗan ƙunshi ne kawai a kan cinyarsa, ya riƙe shi da hannu biyu.

Na jingine keke na ce, "Ɗan'uwa Ishaku."

Bai juyo sosai ba. Fuskarsa ta yi fari-fari kamar mai zazzaɓi, gumi na bin wuyansa tun rana ba ta yi zafi ba.

Na ce, "Ashe ka daina jin tsoro."

Ya ce, "Wa ya gaya maka? Tun asuba sau uku ina zagayawa."

Na ce, "To, me ya sa?"

Ya ce, "Na yi ta jira in ji na iya, ban ji ba. Sai na ga in na tsaya jiran wannan, su ma za su yi ta jira." Ya share gumi da bayan hannu. "Wancan satin ban san abin da zan je yi ba, na tafi da waƙa. Yau na sani. Ka yi mini addu'a, Malam, kai da ka iya."

Mala ya ce, "Malam, akwai saƙo ne? Rana na yi."

Hannuna na cikin aljihu a kan takardar. Na ce babu.

Mala ya kafa doguwar sandarsa a laka ya tura. Shekara ashirin da ɗaya Ishaku ya yi yana wannan hayin, damina da rani, kuma ya rantse mini bai taɓa yin ɗaya ba tare da tsoro ba. Amma wannan duk daga baya ne. A safiyar nan abin da na gani kawai shi ne bayan farar riga tana shiga cikin ciyawar fadama, ni kuma ina tsaye a bakin ruwa na cire hula, na buɗe baki in yi addu'ar da ya roƙa, na rasa ta inda zan fara.